Ƙaton da Yake Tsoron Biro

Ku yi mani afuwa, yau ba ci gaban littafinmu na kawo maku ba, wani abu ne ya tsaya mani a rai.

Kwanakin baya a wajen wani taron marubuta, wani malami ya tambaye ni a gaban jama'a, "Hajiya, wace jami'a kika gama?" Na ce a sakandare na tsaya. Ya yi wani murmushi da ya fi zagi ciwo. Wata uku cur ban ɗora biro a kan takarda ba. Da ƙanena da ke karatu a Ingila ya ga shirun ya yi yawa, sai ya aiko mani da tarihin wani ɗan wasa, Cec Thompson.

Wasan nasu sunansa ragbi. Ƙwallon kamar ƙwai take, a hannu ake rungumar ta a ruga da gudu, kowane ɓangare mutum 13. Shida daga ciki su ne 'yan gaba, ƙarti masu karo da ture da kayar da abokin hamayya. Cikinsu Thompson yake.

An haife shi a arewacin Ingila a 1926, mahaifinsa mutumin Trinidad ne, kuma a gidajen marayu ya tashi. Ya fara yi wa ƙungiyar Hunslet wasa a 1948. A 1951 aka zaɓe shi ya wakilci Birtaniya a karawarsu da New Zealand, yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka samu wannan daraja. A 1953 ya koma Workington Town, har sau biyu suna kaiwa wasan ƙarshe a filin Wembley, 1955 da 1958, duka biyun aka cinye su.

To ga inda labarin ya taɓa ni. Wannan ƙato da ba ya shakkar karo da kowa, idan yaro ya miƙo masa biro ya ce ya sa masa hannu sai kunya ta rufe shi, don da ƙyar yake iya rubuta sunansa. Bai ɓoye kansa a ɗaki yadda na yi ba. Yana sana'ar wanke gilasan tagogin mutane, yana koyon karatu da kansa, kalma bayan kalma, har ya shiga Jami'ar Leeds. A 1968 ya fito da digiri a fannin tattalin arziki, yana da shekara 42. Ya zama malamin makaranta, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa kafin rasuwarsa a 2011.

Da na kai nan sai na ƙirga nawa shekarun, na ga tazarar ba ta da yawa. Shi sunansa ma gagarar sa yake, ni kuwa littattafaina suna nan jibge a kasuwa, amma murmushin mutum ɗaya ya zaunar da ni.

Jiya na je na karɓo fom ɗin karatun ƙarshen mako. Babi na gaba kuma yana nan tafe ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.