Mai Duban Jini

A Bune, idan yaro ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari, uwa takan ja fatar idonsa ƙasa ta duba. Abin da take nema shi ne likitan jini yake nema da madubin awo. Nakan yi tunanin wannan bawan Allah, wanda galibinmu ba mu taɓa gani ba, don irinsa sai manyan asibitocin birni.

Aikinsa babu hayaniya. A ɗiga jini a kan gilashi, a shafe shi siriri, ya bushe, a rina, sannan ya sunkuya. Lafiyayyar ƙwayar jini zagayayya ce. Ta mai amosanin jini kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, shi ya sa yaro ke kwana yana kukan ƙashi.

Da damina zazzaɓin cizon sauro kan farfasa jinin yara, a kwaso su daga ƙauyuka zuwa Gure, wasu har Damagaram, don a ƙara musu jini. Jakar jini ba ta son zafi: tsakanin digiri 2 da 6 ake ajiye ta, kuma ba ta wuce kwana 42. In jinin ajiya ya ƙare, dole a fita wajen dangi: "Baba, ko za a gwada naka?"

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da likitan zai zaunar da saurayi da budurwa, dukansu AS, wato masu ɗauke da gadon amosanin jini, ya gaya musu cewa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, mai amosanin jini. Sau da yawa an riga an kai kayan aure.