Na Yanke Hukunci Kafin In Kalla

Na daɗe ina kushe finafinan ban tsoro irin waɗanda ake shiryawa kamar tsinto faifansu aka yi bayan masu ɗaukar sun ɓace. Aikin malalata nake ce musu: kyamara na rawa, hoto dishi-dishi, 'yan wasa sai ihu. Alhali The Blair Witch Project kaɗai na taɓa gani, shi ma a waya, da rana tsaka, ina tsallake wurare.

Wanda na zalunta da wannan baki nawa ƙanena ne. Ya kawo min labarin da ya rubuta, yana so ya ɗauka da wayarsa a wani kango. Na ce, "Kai, wannan ai rashin kuɗi ne ake yi wa kwalliya." Ya naɗe takardunsa ya ce, "To, Yaya." Bai ƙara tayar da zancen ba.

Daga baya na kalli REC, fim ɗin Sifen na 2007, cikin dare. 'Yar jarida ce ta bi 'yan kwana-kwana zuwa wani bene a Basalona, hukuma ta garƙame su a ciki. Wajen ƙarshe fitilar kyamara ta mutu, ba ka ganin komai sai koren haske, ba ka jin komai sai numfashin matar. Wallahi na kasa tashi in kunna wuta. A nan na gane tsoron yana ɓuya ne a inda kyamara ba ta kai ba, kuma sai gwani ke iya tsara hakan.

Na koma wa Blair Witch na 1999 da natsuwa. Masu shirya shi, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, ba su nuna mayyar labarin ba ko sau ɗaya, duk da haka fim ɗin ya kawo kusan dala miliyan 250. Oren Peli kuwa a gidansa ya ɗauki Paranormal Activity da dala 15,000. Ganin haka, na ba ƙanena haƙuri, na roƙe shi ya dawo da takardun.

Har yanzu ina da ƙorafi a kan 'yan kwaikwayon da suka biyo baya, waɗanda ba sa iya gaya maka dalilin da mutum zai ci gaba da riƙe kyamara mutuwa na bin sa. Su kam sun cancanci suka. Amma REC da Blair Witch aikin ƙwararru ne, ku neme su ku kalla cikin dare.