Funkaso da Abin da Yake Ɗauke da Shi



Abin da muke kira pinkaso a Nima da Zangon Kumasi shi ne funkason ƙasar Hausa. Harshe ne kawai ya ɗan karkata a hanya. A can, asalinsa alkama ce da aka niƙa da dusarta, a kwaɓa, a rufe ƙullun ya kwana ya tashi, sannan a soya cikin mai mai zurfi, a ci da miyar taushe ko zuma. A nan kuwa farar fulawa muke sa, da yis da albasa da barkono, mu barbaɗa sukari, mu kora da koko.

Kwanan da ƙullu ke yi ba don daɗi kaɗai ba ne. A cikin dusar hatsi akwai wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki, ya hana hanji tsotse su. Idan ƙullu ya daɗe ya yi tsami, sai wannan sinadari ya ragu, jiki ya samu rabonsa. Iyayenmu mata ba su san sunansa ba, amma aikinsu ya dace da ilimin. Farar fulawa kuwa an raba ta da dusa, wadda ke rage saurin hawan sukari a jini. Gaskiya ne a Ghana ana ƙara wa fulawa ƙarfe da bitamin, amma dusar ba ta dawowa.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 ne. Ga ɗan dako da mai tura kura wannan guzuri ne. Ga dattijon da ciwon sukari ko hawan jini ya kama, wanda ke buɗe baki da pinkaso huɗu da koko mai zaƙi a watan azumi, lamarin daban ne, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a cikinmu.

Muna roƙon masu suya su gauraya garin alkama da fulawa, su bar ƙullu ya kwana, su bari mai ya yi zafi sosai kafin su zuba, domin mai mara zafi ya fi shiga cikin funkaso, wanda ya yi baƙi kuma a zubar. Dattawanmu su tsaya a guda ɗaya, su cike da ƙosai, tunda wake ya fi fulawa gina jiki, kokon kuma a rage masa sukari.