Galmi a lokacin ɗari

Galmi gari ne na jihar Tawa, a bakin babbar hanyar kwalta, tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa. Kowa ya san albasar Galmi. Manyan motoci suna kai ta har Kumasi da Abijan.

Albasa noman rani ce. Bayan girbin hatsi ake dasa ta. Ana ban ruwa cikin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya fi ƙarfi. Wanda ya sauka Galmi da asuba zai ga masu garka sun nufi fadama, da yawansu cikin rigar sanyi mai hula.

A birni wasu samari suna sa wannan riga don ado. A nan kuwa kayan aiki ce, kamar hauya. Hular ɗinke take da rigar, iska ba ta ɗauke ta. Tana rufe kunne da wuya. Mai mayafi hannunsa ɗaya yana riƙo, mai wannan riga da hannu biyu yake aiki. Yawanci ta gwanjo ce. Ba a duban launi, kauri ake dubawa.

Amma in ta jiƙe, sanyi take ƙarawa. Sai a tuɓe, a shanya. Mai garka in ya kwanta ciwo, albasa ta sha ƙishirwa.

Yara masu kiwo su ma a saya musu. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri kuwa, riga ba ta isa ba. A kai shi likita.