HAWAI: INDA KUNKURU YA FI JARUMIN FIM JAN AJI

Duk ma'abocin kallon finafinan Amurka ya sha ganin Hawai, ko da bai san sunan wurin ba. Magangarar ruwan nan da jirgi mai saukar ungulu ya sauka a gindinta a farkon 'Jurassic Park', fim ɗin Steven Spielberg na 1993, a tsibirin Kauai take. Ana cikin shutin ɗin ne ma guguwar Iniki ta afka wa tsibirin a watan Satumba na 1992, dole darakta da 'yan wasansa suka fake a otal. Shirin 'Lost' da aka yi ta yayi daga 2004 zuwa 2010, kusan gaba ɗayansa a tsibirin Oahu aka ɗauke shi. Haka shi ma 'Waterworld' na Kevin Costner, wanda ya fito a 1995, a gaɓar babban tsibirin aka yi aikinsa. In dai lokeshin ake nema, wannan jiha ta 50 a jerin jihohin Amurka, wadda ke can tsakiyar tekun Fasifik, ba ta da na biyu.

To amma akwai wani tauraro a can wanda bai taɓa sa hannu a kwantiragin kowa ba, kuma babu furodusan da ya isa ya ba shi lokacin zuwa lokeshin. Mutanen Hawai suna ce masa honu. Kunkurun teku ne, irin wanda Turawa ke laƙaba wa suna kore. Ba wai ƙoƙon bayansa ne kore ba, kitsen jikinsa ne ke da wannan launi saboda yawan cin gansakukar teku. Babbansu yakan haura kilo 100. Maimakon ƙafafu, hannuwa gare shi kamar filafilin kwalekwale, kuma ba ya iya janye kansa ya ɓoye cikin ƙoƙo kamar kunkurun tudu. Dubban mutane ne ke biyan kuɗi masu kauri su tsallako teku, ba don komai ba sai don su yi ido biyu da shi.

Da yawansu ta jirgin ruwan yawon shaƙatawa suke zuwa. Wanda ya fi suna a wannan zagaye shi ne Pride of America na kamfanin Norwegian Cruise Line, wanda ya fara aiki a 2005, mai ɗaukar fasinja sama da 2,000. Yakan tashi daga Honolulu ranar Asabar, ya kwana a Maui, ya yini a Hilo, ya yini a Kona, ya kwana a Kauai, wata Asabar ɗin ya dawo inda ya fito. Abin da ya sa yake cin karensa ba babbaka a wannan hanya wata tsohuwar dokar Amurka ce ta 1886, wadda ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka ba tare da ya leƙa ƙasar waje ba. Shi kuwa tutar Amurka yake ɗauke da ita. Ciki akwai gidajen abinci, da wurin ninƙaya, da zauren wasanni, kai ka ce unguwa guda aka ɗora a kan ruwa. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya jiran wanda ya makara. Duk wanda ya sauka yawo da kansa ya wuce lokacin da aka rubuta a ƙofa, to sai dai ya nemi jirgin sama ya tari gaba.

A ɗauki iyali guda daga cikin irin waɗanda ke hawansa kowane mako: maigida, da uwargida, da 'ya'ya uku. Babbar budurwa ce da ba ta rabuwa da wayarta. Na tsakiya shi dai a ba shi abinci. Autan kuwa, ɗan shekara bakwai, tun a gida ya ƙulla magana da mahaifinsa cewa sai an nuna masa Crush. Masu kallon katun sun san Crush, wato dattijon kunkurun nan ɗan shekara 150 a 'Finding Nemo', fim ɗin Pixar na 2003 wanda ya ci kyautar Oscar, kuma daraktan da kansa, Andrew Stanton, shi ya yi muryarsa. A tunanin yaro, da an isa bakin teku Crush zai taso ya yi masa maraba.

Gwajin farko a Maui aka yi shi. Daga tashar Kahului zuwa gaɓar Ho'okipa tafiya ce ta 'yan mintuna a mota, kuma wurin ya yi suna da kunkuraye. Sai dai iyalin da hantsi suka je. Suka tarar da samari na ta hawan igiyar ruwa a kan allo, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, amma na kunkuru ko ƙyallinsa. Wani mai sayar da kwakwa ya ce musu su dawo da la'asar sakaliya, lokacin ne suka fi fitowa. Su kuwa sun riga sun biya kuɗin wani yawon na yamma. Aka koma jirgi, auta ya ƙi cin abincin dare.

Ranar Talata jirgi ya wayi gari a Hilo, garin da ruwan sama bai cika ɗaukewa ba. Nan maigida ya yanke shawara: a yi shatar mota a tafi Punalu'u, gaɓar baƙin yashi da ke kudancin babban tsibirin, kimanin kilomita 90 daga Hilo. Zuwa kaɗai ya fi awa guda, dawowa ma haka, ga jirgi zai ɗaga da yamma. Uwargida ta lissafa da yatsunta ta ce, "Maigida, anya kuwa?" Ya ce in sun bar can da azahar ba abin da zai faru.

Hanyar kanta abin kallo ce. Ana hawa tudu cikin daji mai duhu da hazo, a wuce ta ƙofar gandun duwatsu masu aman wuta inda Kilauea yake, dutsen da a 2018 ya yi aman da ya cinye gidaje sama da 700. Ana gangarawa ɗaya gefen sai duniya ta sauya, bishiyoyi su ja baya, a shiga fili mai baƙaƙen duwatsu da ciyayi jefi-jefi, kamar inda aka yi gobara tun zamanin kakanni.

Punalu'u kuwa sai wanda ya gani. Yashin baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, ga bishiyoyin kwakwa sun yi layi a bayansa, ga farin kumfan teku yana zuwa yana komawa. Narkakken dutse ne da ya kwararo cikin teku da zafinsa, ya tarwatse, igiyar ruwa ta yi ta niƙa shi har ya zama yashi. Da rana tsaka ba a taka shi ba takalmi. Ruwan wurin kuma da sanyi, domin akwai idanun ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin tekun. An ce mutanen da can sukan yi nutso da gora su ɗebo ruwan sha daga waɗannan idanu, daga nan ma sunan wurin ya samo asali. Akwai kuma tatsuniyar Kauila, kunkurun da ke rikiɗa ta zama yarinya ta riƙa tsaron yaran da ke wasa a gaɓar, har an kafa mata alama a wurin. Doka ta hana ɗibar yashin, kuma camfin da ake yaɗawa cewa duk wanda ya ɗauka masifa za ta bi shi ya sa baƙi kan mayar da duwatsu ta gidan waya bayan sun koma gida.

Minti ashirin iyalin suna sintiri. Matsalar ita ce a Punalu'u komai baƙi ne, kuma kowane dutse kama yake da kunkuru. Sau uku auta yana rugawa yana ihu, sau uku yana tarar da dutse. Maigida ya fara duba agogo. Sai ga wata dattijuwa 'yar garin, zaune a kujerar roba a inuwa, ta ɗaga hannu ta nuna musu wani wuri da aka kewaye da ƙananan duwatsu. A ciki akwai wasu manyan duwatsu guda uku. Ana cikin kallonsu sai ɗaya ya buɗe ido.

Kai! Auta ya sandare. Ga Crush a kwance, wuyansa a miƙe kan yashi, hannuwansa a baje, ko gezau. Bai yi magana ba, bai yi dariya ba, bai ko kalli yaron ba. Can sai yaron ya ja rigar mahaifinsa ya ce, "Baba, ya mutu ne?" Bai mutu ba, shan rana yake yi. Kuma abin da yaron yake gani ba ƙaramin abu ba ne, domin a mafi yawan sassan duniya kunkurun teku ba ya hawa tudu sai mace in za ta yi ƙwai. Hawai na cikin 'yan wurare kaɗan, tare da tsibiran Galapagos da wani yanki na Ostireliya, inda mazansu da matansu ke fitowa su kwanta a bakin ruwa haka kawai, su ɗumama jiki su huta. Ruwan da ke gangarowa daga idonsa kamar hawaye kuma ba kuka ba ne, gishirin da ya yi masa yawa a jiki yake fitarwa.

Daga nan ne rigimar da ake yi kullum a irin waɗannan gaɓoɓi ta taso. Babbar 'yar ta ɗaga waya, ta sa ƙafa za ta tsallake duwatsun don ta ɗauki hoto kai da kai. Dattijuwar ta ce, "'Yata, tsaya daga nan." Hukumomi sun nemi kowa ya tsaya aƙalla taku 10, wato wajen mita 3, daga kunkuru, a tudu ne ko a ruwa. Taɓa shi, ko hawa bayansa, ko ba shi abinci, duk na iya jawo wa mutum tara, domin tun 1978 yana ƙarƙashin dokar Amurka ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A gaɓar Laniakea da ke Oahu har jar igiya 'yan sa-kai ke shimfiɗawa a kewaye da shi, saboda cunkoson masu kallo yakan kai ga tsayar da motoci a babban titi. Gaskiyar magana, wanda ya biya dubban daloli yakan ji kamar ya sayi wurin ne, kuma wannan ji da kai shi ne babban abin da 'yan sa-kan ke fama da shi.

Dalilin tsaurin yana da tarihi. Kafin dokar, kama su ake yi ana sayar da naman. Lokacin da masani George Balazs ya fara ƙidayar masu yin ƙwai a 1973, mata 67 kacal ya samu a tsibirin East Island. Bayan shekaru na kariya adadin ya koma ɗaruruwa, har a 2012 wata ƙungiyar 'yan asalin Hawai ta nemi a cire shi daga jerin, ganin cewa kakanninsu sun san shi a matsayin abinci, ko da yake wasu zuri'o'in suna ɗaukarsa majiɓincin gidansu ne, ba su ci. A 2016 gwamnati ta ce a'a, ya ci gaba da zama a jerin.

Hujjar gwamnati ba ta da wuyar ganewa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kunkurayen Hawai a wuri ɗaya suke yin ƙwai, wasu 'yan tsibiran yashi da ake kira Lalo, ko French Frigate Shoals, sama da kilomita 800 arewa maso yamma da Honolulu. Wannan da ke kwance a Punalu'u, mai yiwuwa can aka ƙyanƙyashe shi, kuma can zai koma in lokaci ya yi. Mace ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara 25 zuwa 35. Takan binne wajen ƙwai 100 a rami guda, su yi kamar wata biyu kafin su fashe, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin 'ya'yan ke kai wa ga girma. To a watan Oktoba na 2018 sai guguwar Walaka ta bi ta kan East Island, inda kusan rabin matan ke zuwa, ta share mafi yawansa cikin teku. Ga kuma batun zafi: ɗumin yashi ne ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace, in zafi ya yi yawa sai mata su rinjaya. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gano cewa a arewacin Great Barrier Reef, wato yankin su Nemo, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙananan kunkurayen mata ne. Wannan kam ba a sa shi a katun ba.

Maigida ya ce a tashi, azahar ta gota. Suna juyawa sai na tsakiya, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya nuna bakin ruwa. Wani ne yake fitowa. Igiyar ruwa ta turo shi, ya kafa hannuwa a yashi ya ja jiki sau biyu, ya tsaya ya ajiye numfashi mai ƙara kamar na tsoho ya hau bene. Dabbar da a cikin ruwa take shawagi kamar shaho, a tudu kowane taku wahala ne. Tazarar da yaro zai yi cikin tsalle biyar, shi sai da ya ci kusan minti goma. Babu wanda ya motsa, har uwargida mai lissafin lokaci. Budurwar ta ɗauki bidiyonta daga bayan duwatsu, kuma ya fi wanda ta so ɗauka da farko kyau nesa ba kusa ba.

Komawa Hilo ba a yi hira ba. Hazo ya sauka a kan tudu, aka samu wata babbar mota a gaba mai tafiyar hawainiya, maigida na ta haɗa gumi cikin sanyi. Sun iso tasha ma'aikata na shirin janye matakala. A wurin cin abincin dare ne wani fasinja ya ba su labarin cewa shi bai je ko'ina ba, tasi ya hau zuwa gaɓar Carlsmith, 'yan kilomitoci daga inda jirgin ya tsaya, kuma kunkuraye biyu sun zo sun wuce ta gabansa yana tsaye cikin ruwa. Uwargida ta kalli maigida. Maigida ya ci gaba da yankan namansa.

Washegari a Kona jirgin ba ya matsowa gaɓa, can nesa yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane zuwa tudu. Suna dab da isa sai auta, wanda ya manne a gefen taga, ya ga wani kai ya ɓullo daga ruwa, ya shaƙi iska, ya dubi jirgin da ido ɗaya. Kafin yayarsa ta ciro waya daga jaka ya nutse.