Ta Ina Motar Kwana-kwana Za Ta Bi?

A Babbar Kasuwar Santambul, wadda aka aza harsashinta a zamanin Sultan Muhammadu Fatih bayan 1453, abokan tafiyata sun shagala da ɗaukar hoton fitilu da dardumai. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Layin da muka bi fes yake, kowane ɗan kasuwa ya tsayar da hajarsa a bakin shagonsa.

Nan take hankalina ya koma Bata. Na tuna Maris na 2016, lokacin da gobara ta lashe kasuwar Sabon Gari, har da shagon atamfar mahaifina. Shekara da shekaru muna ɗora laifin a kan wayoyin lantarki da hukuma. Amma a Santambul wata tambaya ta tsaya mini a rai: idan wuta ta sake tashi, ta ina motar kwana-kwana za ta shiga layinmu? Teburin takalman da na kafa bayan gobarar, shi ya cinye rabin hanyar.

Da na dawo gida, na ja shi baya taku uku. Kafin la'asar wani mai agogo ya kafa nasa a gurbin. Gobe zan kai maganar gaban shugabannin layinmu, ko da za a ce Turkiyya ta juya mini kai.