Yashi a gwiwar ɗan Dakusa

Wake ne ya kai ni ƙasar Damagaram. Na bi ta Daura, na tsallaka iyaka a Kongolam, na wuce Matamaye da Kance har Takeita, inda hanyarmu ta faɗa babban titin da ya taho daga Maraɗi, muka karkata gabas. Mai masaukina, wani dillalin hatsi ɗan Dakusa da muka daɗe muna hulɗa a Dawanau, yana tasha yana jirana. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Bakano, harajin Kuran Daga ka kawo?" Sarkinsu Amadu yake nufi, wanda ya kai yaƙi ƙasar Kano gab da zuwan Turawa. Na ce masa ya fara biyan kuɗin buhunan da ya karɓa bara tukuna. Mu da Damagarawa haka muke, abokan wasa ne, ba a gaisawa sai an taɓa juna.

Birnin kansa a guje na gan shi: manyan duwatsun nan da suka yi wa unguwar Birni rakiya, fadar Sarki, da abin da ya rage na ganuwar zamanin Sarki Tanimu. Nan ne fadar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma Badamagare ba ya barin baƙo ya tafi bai ji wannan ba.

Daga birnin muka wuce Dakusa. Garin manoma ne, kuma na same su da kaka, gero ya shiga rumbu, jiki ya yi daɗi. Bayan la'asar muna auna wake sai ganga ta tashi. Dillalina ya ajiye kwano ya ce, "Alhaji, ciniki sai gobe. Samarin wani ƙauye daga wajen Tirmini sun zo mana." Ban so ba, amma baƙo ba ya gardama.

An share fage an zuba yashi mai laushi, jama'a sun yi masa zobe, yara sun ɗare amalanke da rassan gawo. 'Yan kokawa na gefe, kowa ya sha layu da kambuna da guraye, wani dattijo yana zuba wa yaronsa rubutu a ka daga gora. Mai kirari ya shiga yana kiran uban kowa da kakansa. Duk wanda ya yi kaye, sai ka ga mutane suna kutsawa suna yi masa kari, wannan jika, wancan dala ɗari, wata tsohuwa har da zakara.

Karon da ake jira shi ne na ƙarshe. Ɗan gida gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi. Baƙon dogo ne mai dogon hannu. Sun daɗe a duƙe suna taɓa kan juna, kowa na neman kafa. Can sai gajeren ya kutsa ya kama cinya, dogon ya danne shi ta baya, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, dogon ne kwance rigingine. Dakusa ta ɗauki ihu. Amma alƙali ya riga ya busa usur, kuma hannun baƙon ya je ya ɗaga. Wai tun kafin a kai ga wannan kayen, gwiwoyin ɗan gida biyu sun riga sun kai ƙasa.

Wallahi na fara duba ta inda zan bi. Na sha zama a filin ƙwallo a gida inda sai da 'yan sanda ake fitar da alƙalin wasa, ana jifa da ledar ruwa da abin da ya fi leda nauyi. Nan ma muryoyin iri ɗaya ne. "An saye shi!" "Makaho ne!" Dillalina, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan kuɗi ba, ya cire hula yana dukan cinyarsa da ita.

Sai wani cali-cali ya faɗo fage. Su ne masu ban dariyar kokawa a Nijar, da tsummokara da tulin layun ƙarya. Ya sa yatsa a baki a madadin usur, ya rufe ido ɗaya, yana lalube kamar mai neman allura, ya je ya ɗaga hannun wani jaki da ke ɗaure a gefe. Fage ya fashe da dariya, har alƙalin. Ba a gama dariyar ba gajeren nan ya tako tsakiya. Bai ce uffan ba. Ya nuna wa mutanensa gwiwarsa ta dama, ya nuna ta hagu. Gumi ya riƙe yashi a kan dukkansu, fari fat, kamar an shafa musu gari. Ya karkaɗe, ya je ya rungumi dogon, ya ɗaga shi sama kaɗan ya dire.

Na tambayi dattijon da ke kusa da ni, wanda kunnuwansa suka nuna ya daɗe a harkar, "Baba, me ya sa ya tona wa kansa asiri?" Ya ce, "Yaro, mako mai zuwa shi zai je garinsu. A gidan wa kake so ya sha fura?"

Kada a ce ƙorafin ya mutu. Da dare a bakin shayi aka dasa sabo. Wasu na cewa an busa usur da wuri, wasu na cewa dogon ne ya ja shi ƙasa da dabarar da ba ta halatta ba. Daga nan aka haura zuwa Takobi, gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kunce, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Jiha takwas, kowace da 'yan kokawa goma, kuma kowa a wurin yana da shekarar da ya rantse an zalunci Damagaram. Babban fagen birnin sunan gwarzonsu Langa-Langa aka sa masa, suna faɗin sunan kamar na kakansu. Amma da aka ambaci Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, babu wanda ya rage masa komai. Sun dai ji daɗin tuna cewa shekarar da ta biyo baya a gidansa Doso Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe takobin.

Na ba su labarin Amurka, don kada a ce Bakano ya zo hannu rabbana. A watan Janairun 2019, a irin ƙwallonsu ta hannu da karo, alƙalai sun kau da kai daga wani laifi ƙarara a wasan da Rams ta ci Saints 26 da 23 a New Orleans. Magoya baya suka garzaya kotu, hukumar wasan ta kawo dokar duba irin wannan laifi a bidiyo, bayan kakar wasa guda ta soke ta. Dillalina ya kurɓi shayi ya ce, "To su ba su da cali-cali ne?"

Da safe muna ɗora buhuna a mota na hangi dogon nan zaune a kan tabarma a ƙofar gidan su gajeren, ashe nan ya kwana. Ƙwarya ɗaya ce a gabansu, ludayi biyu. Dillalina ya bi inda nake kallo, ya yi tsaki, ya ce shi dai har gobe an busa usur ɗin nan da wuri. Sannan ya ƙara mini jika biyu a kan kowane buhu, wai kuɗin kallo.